Yadda Ake Haɗa Inji da Birkin Babbar Ƙofar Sito Mai Tashi Sama: Jagora Ga Masu Aikin Wuta a Jidda

'Yan'uwanmu da yawa da ke bin aikin wuta da walda a Sina'iyyar Jidda da manyan sito-sito na Al-Khumra, da aikin ƙofa suke ci. Ina nufin ƙofofin ƙarfen nan da tirela ke shigewa ta ƙarƙashinsu, masu naɗewa a jikin bututu da masu tashi sama gaba ɗaya. Abin da na lura da shi, idan aka kira mutum wannan aiki, tambayarsa ta farko ita ce ko injin zai iya ɗagawa. To, akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan: ƙofa tana sama, wuta ta ɗauke ko sarƙa ta tsinke, me zai riƙe ta? Injin da ya kasa ɗaga ƙofa asarar kuɗi ce da ɓacin ran mai sito. Ƙofar da ta kufce daga sama kuwa, kan ɗan Adam take faɗowa. A kan wannan tambaya ta biyu na ɗora duk matakan da ke ƙasa.

Fara da nauyi, kada ka fara da kasuwa

Kafin ka je shagon kayan wuta, ka san nauyin abin da za ka ɗaga. Auna faɗi da tsawo, ka nemi nauyin kowace murabba'in mita daga wanda ya ƙera ƙofar. In babu takarda, ciro falle ɗaya na ƙarfen ka ɗora a sikeli, ka ninka da yawansu, ka ƙara nauyin ƙarfen gindi. Kada ka yarda da "ai ba ta wuce kaza ba" daga bakin kowa.

Mu ɗauki misali: ƙofa mai naɗewa, nauyinta kilo 600. Ninka 600 da 9.81 don mayar da kilo zuwa Newton, ma'aunin ƙarfi, ka samu kusan Newton 5,900. Bututun naɗi mai kaurin milimita 219 ne, idan ka haɗa da kaurin fallen ƙarfen, daga tsakiyar bututu zuwa inda nauyin ya rataya ya kai kamar mita 0.125. Ninka 5,900 da 0.125, ƙarfin murɗawar da ake bukata ya kama kusan Nm 740, wato Newton-mita 740. Sai ka ƙara kashi 20 cikin 100 saboda gogayya a cikin hanyoyin gefe, ka tashi da kusan Nm 890. A nan Jidda ni ba na rage wannan ƙarin ko kaɗan, domin iska idan ta taso daga Bahar Maliya ta danna ƙofa mai faɗi, matse ta take yi a cikin hanyarta, ga kuma yashi da ke taruwa a ciki.

Gudu kuma, mita 0.15 a daƙiƙa ya ishi irin wannan ƙofa. Bututun zai riƙa juyi 11 zuwa 12 a minti. Ƙarfin injin: 5,900 sau 0.15 ya ba da wat 885, amma giyabos mai tsutsa, wato akwatin giyar da ke rage gudun injin da wani ƙarfe mai zare irin na noti, yana cinye kaso mai yawa ya mayar da shi zafi, don haka lissafin yakan kai ka wajen kilowat 1.5. Wannan lissafin na gane inda aka dosa ne. Hukuncin ƙarshe yana cikin jadawalin kamfanin da ya yi injin, inda za ka ga kaurin bututu a gefe ɗaya, nauyin da injin zai ɗauka a ɗaya gefen.

Idan ƙofar mai sifirin ce ko mai nauyin daidaito a gefe, injin ƙarami ne zai ishe ta, tunda sifirin ɗin ne ke ɗauke da yawancin nauyin. Sai dai ka riƙe a ranka cewa ranar da sifirin ya karye, nauyin nan duka kan igiya da birki zai dawo.

Karanta farantin injin kamar takardar biza

Nan ne waɗanda suka koyi aiki a Kano, Maraɗi ko Omdurman suka fi yin tuntuɓe. Wutar Najeriya da Nijar da Sudan Hz 50 ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Ta Saudiyya Hz 60 ce. Injina da yawa da ake shigowa da su daga Turai da Sin an yi su ne don Hz 50. Injin da ke juyi kusan 1,500 a minti a can, a nan kusan 1,800 zai yi, wato gudunsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Bututun da aka rubuta masa juyi 12 zai koma 14 da ɗoriya. Ƙofa ta ƙara sauri, birki ya ƙara wahala wajen tsayar da ita. Kuma idan ƙarfin wutar bai ƙaru tare da Hz ɗin ba, ƙarfin tashin injin yana raguwa, raguwar har tana iya kusantar kashi 30 cikin 100. Shi ya sa za ka ga inji sabo fil yana gurnani ya kasa tayar da ƙofa daga ƙasa, alhali a takarda ya isa. Ka nemi wanda farantin bayanin da ke manne a jikinsa ya ambaci Hz 60 ƙarara.

Sai ƙarfin wutar ginin. Tun 2010 hukuma ta yanke shawarar mayar da ƙasar kan volt 230/400, amma har yanzu za ka shiga tsohon gini ka tarar da 127/220, wani kuma 220/380. Sa mitar auna wuta ka auna tsakanin layi da layi da kanka. Injin da aka rubuta wa 230/400, idan layukan ginin uku 220 ne a tsakaninsu, haɗin delta za ka yi masa, wato mai siffar kusurwa uku. Idan 380 ko 400 ne, haɗin sita, wato mai siffar tauraro.

Duba kuma alamar S3. S3 40% na nufin cikin kowane minti 10, minti 4 kawai aka yarda injin ya yi yana aiki, sauran na hutu ne. Wasu kamfanoni yawan buɗewa a awa suke rubutawa. Tambayi mai gadi sau nawa ake buɗe ƙofar a lokacin lodi, shi ya fi manaja sanin gaskiyar wannan. An kuma gina lissafin injina a kan zafin wuri da bai wuce digiri 40 ba, alhali ƙarƙashin rufin kwano a watan Yuli, can sama inda injin yake zaune, ya fi haka. Saboda haka ɗauki wanda ya ɗara bukatarka. Game da ƙura da danshi, duba alamar IP, wadda ke nuna kariyar injin daga ƙura da ruwa: kada ka sauka ƙasa da IP54, in kusa da teku ne ko wajen gini, IP65.

Birki biyu ne, kuma aikinsu daban

Birkin farko yana bayan injin, ƙarƙashin murfin fanka. Yadda yake aiki shi ne abin da nake so kowane yaro mai koyo ya haddace: sifirin ne ke kama birki, wuta ce ke sakinsa. Akwai faifai mai lainin, wato abin gogayyar birki, a jikin shaf, sandar ƙarfen da ke juyawa, wasu ƙananan sifirin suna danna farantin ƙarfe a kansa. Idan wuta ta shiga koyil, wato naɗin wayar da ke cikin birkin, maganaɗisu ya janye farantin, faifai ya samu sakewa. Wuta na ɗaukewa, sifirin su mayar da farantin, ƙofa ta tsaya inda take. Duk birkin da sai an ba shi wuta yake kamawa ba shi da wuri a ƙofa mai tashi sama.

Wasu za su ce maka giyabos mai tsutsa yana kulle kansa, ba ya komawa baya, don haka ko birki ya yi sanyi ba komai. Kada ka dogara da wannan. Giya mai tsutsa tana riƙewa ne idan komai a tsaye yake cik. Da girgiza, da mai mai zafi, da haƙoran da suka sha aiki suka yi santsi, tana iya sulalewa.

Yanzu ga inda maganar take. Idan injin yana gefe, sarƙa ce ta haɗa shi da bututun, birkin injin yana riƙe da injin ne kawai. Kamar mai jan ruwa ne a rijiya: komai ƙarfin damtsensa, idan igiya ta tsinke a ƙasa da hannunsa, guga ta tafi. Sarƙa ta tsinke, ko kii, ɗan ƙarfen da ke kulle sufuroket (giyar sarƙa) a jikin shaf, ya gutsure, ko haƙorin giya ya karye, birkin yana nan a kame, ƙofa kuma tana zubowa. Maganin wannan shi ne birki na biyu, mai hana faɗuwa, wanda ake ɗaurawa a kan shaf ɗin bututun kansa, galibi a ɗaya gefen da ba na injin ba. Ba ruwansa da wuta. Muddin bututun yana juyawa a gudunsa na kullum, shiru yake. Da zarar gudun saukowa ya wuce iyakar da aka yi masa, sai ƙarfen cikinsa ya faɗa gurbi ya kulle bututun. Ƙa'idar Turai ta EN 12604, wadda manyan kamfanonin ƙofa ke bi, ta wajabta kariya daga faɗuwa ga ƙofofi masu tashi sama. Akwai injinan da ake zurawa kai tsaye a shaf ba sarƙa, irin na kamfanin GfA na Jamus, da yawansu suna zuwa da wannan kariya a cikin giyabos. Amma ka karanta takardar ka tabbatar, kada ka ɗauka kowane haka yake.

Wajen ɗaura shi, abu huɗu. Yana da kibiya, dole ta fuskanci juyin saukowa, in ka juya shi baya ka ɗaura ƙarfen banza. Dole ya zauna daidai yadda takardarsa ta nuna, ba a karkace ba. Ƙarfinsa ya dace da nauyin ƙofar, gudun da yake kamawa kuma ya ɗara gudun bututunka na Hz 60, in ba haka ba zai riƙa kamawa ba dalili har wani ya gaji ya cire shi. Sannan yana da ɗan makunni da ke yanke wutar kwamanda, wato wutar da ke ba injin umarnin tashi, idan ya kama. Haɗa shi. Na sha buɗe akwati in tarar da wayoyinsa biyu a naɗe da salatif, ba a taɓa haɗa su ba, ma'ana ranar da ya kama, injin zai ci gaba da murɗa bututun da ke kulle.

Ƙofa mai igiyar ƙarfe da sifirin ita ma tana da nata: na'urar da ke kama shaf idan sifirin ya karye, da wadda ke cizon hanyar gefe idan igiya ta tsinke, da makunnin da ke tsayar da inji idan igiya ta yi sako-sako.

Wayar birki

Koyil ɗin birki yawanci wutar DC yake ci, irin ta batir, shi ya sa za ka ga ɗan rektifaya, mai mayar da wutar gini ta AC zuwa DC, a akwatin wayoyin injin. Iri biyu ne. Mai rabin zango yana ba da kusan 0.45 na abin da ya shiga: 400 ya zama kusan 180, 230 ya zama kusan 103. Mai cikakken zango yana ba da kusan 0.9: 230 ya zama kusan 205. Karanta abin da aka rubuta a jikin koyil, ka auna abin da ke fitowa daga rektifaya, su yi daidai. Idan ka kai birki mai koyil 180 tsohon gini mai 220 ka bar masa rektifayan rabin zango, abin da zai samu bai kai 100 ba. Farantin ba zai janye sosai ba, injin zai riƙa jan ƙofa da birki a kame, lainin ya ƙone cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma wata 'yar gada ta waya a jikin rektifaya da mutane ba sa kula da ita. Idan ka bar ta, ana yanke wutar birki ta ɓangaren AC ne kawai, maganaɗisun yana ɗaukar lokaci kafin ya mutu, birki ya makara. A fanka ko famfo wannan ba komai ba ne. A ƙofa mai saukowa da kilo 600, makarar nan ita ce za ka ga an danna tsayawa amma ƙofa ta ƙara zamewa. Cire gadar, ka bi da wayoyin biyu ta wani bakin kwantakta, wato makunnin maganaɗisun da ke ba injin wuta, yadda za a yanke ɓangaren DC ɗin ma. Birki zai kama nan take, za ka ji ƙarar "ƙwas" tare da sakin maɓalli.

In da inbata a aikin

Inbata, wato na'urar da ke ƙara ko rage gudun inji, tana da daɗi: ƙofa ta tashi a hankali, ta tsaya a hankali, sarƙa da giya su huta da fizga. Amma tana da sharuɗɗa. Kada ka ɗauki wutar birki daga wayoyin injin, domin wutar da inbata ke fitarwa hawa da sauka take yi, birki zai rasa lokacin saki da na kamu. Ja masa wutarsa daban, ta kwantaktan da rile, wato ɗan makunnin da ke cikin inbata, ke sarrafawa, ka saita yadda ba za a saki birki ba sai injin ya riga ya ɗauki nauyin, kuma birki ya kama kafin inbata ta saki injin.

Sannan lokacin saukowa nauyin ƙofar ne ke tura injin, injin ya koma janareta yana mayar da wuta cikin inbata. In babu rezistan birki da zai ƙone wannan wuta ya mayar da ita zafi, inbata za ta yanke tana nuna wuta ta yi yawa. Sa shi, a wurin da iska ke ratsawa, nesa da kwali da leda. Idan ka kashe wuta kuma, jira mintunan da aka rubuta a jikin inbatar kafin ka sa hannu, kafasitocinta, wato ma'ajiyar wutar da ke cikinta, suna riƙe wuta mai kisa.

Tayarwar farko da saita iyaka

Kafin ka hau, kashe babban makunni, sa masa kwaɗo, makullin yana aljihunka. Idan za ka taɓa birki ko sarƙa, ƙofa ta kasance a ƙasa, ko a tokare ta da ƙarfe mai ƙarfi ta gefe biyu. In aikin a waje ne cikin rana, tuna da dokar hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ka tsara hawanka da sassafe.

Da sarƙar hannu ka kai ƙofar tsakiya. Daga nan ne ake gwajin farko, ba daga ƙasa ko sama ba. Taɓa maɓallin hawa ka saki. In ta yi ƙasa, layukan sun juye, kashe wuta ka sauya biyu daga cikin ukun. Dalilin tsayawa a tsakiya shi ne, idan layi ya juye, makunnin iyakar sama, mai tsayar da ƙofa idan ta kai ƙarshe, yana yanke kwantaktan da ba shi ke aiki ba, ƙofa ta wuce iyaka ta naɗe har ta fice daga hanyarta. Wannan yana iya faruwa ko bayan ka gama aiki ka tafi, ranar da aka gyara wayar ginin ko aka kawo janareta. Don haka sa rile mai lura da jerin layuka a akwatin. Kuɗinsa kaɗan ne.

Saita iyakar ƙasa yadda ƙarfen gindi zai zauna a daɓe ba tare da fallayen sun tattaru a kansa ba, ta sama kuma ka bar tazara kafin ƙarshen hanya. Bayan kowace iyaka akwai ta gaggawa, wadda ke yanke komai idan ta farko ta ƙi. Gwada ta da hannu. Gwada kuma makunnin sarƙar hannu: idan an ja sarƙar, injin bai kamata ya tashi ba, don kada ya fizge hannun mai ja.

Ƙofar da ke rufewa da taɓawa ɗaya tana bukatar idon lantarki a ƙasa da robar gindi mai jin taɓawa. Ƙa'idar EN 12453 ta iyakance ƙarfin bugun gindin ƙofa a Newton 400, shi ma na ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Idan mai sito ya ce ba zai sayi waɗannan ba, to ka haɗa saukowa yadda sai mutum yana danne da maɓalli yana kallon ƙofar, yana saki ta tsaya. Ƙofar gobara kuwa, wadda aka yi don ta sauko da kanta idan ƙararrawa ta buga, tsarinta daban ne, kada ka yi mata wannan haɗin.

Abin da za ka duba duk zuwa

Kwanaki aka kira ni wani sito, wai ƙofa tana zamewa. Da na cire murfin fanka, garin lainin ne ya zubo mini a hannu, baƙi-baƙi mai ƙaurin ƙuna, haɗe da yashi. Hannun sakin birkin kuma an ɗaure shi da guntuwar wayar wuta, an ja shi rabi. Wani ne ya ga birki yana ƙin saki, maimakon ya auna tazara sai ya ɗaure hannun. Ma'aikata suna ta wucewa da kwalaye a ƙarƙashinta, giyabos kaɗai ke riƙe da ita. Ban bar wurin ba sai da aka sauke ƙofar aka kashe wutarta.

Abin da ya faru a can shi ne abin da ke faruwa da kowane birki: lainin yana cinyewa, tazarar da ke tsakanin koyil da faranti tana ƙaruwa, har maganaɗisu ya kasa janyowa. Zura ma'aunin tazara mai fallaye a wuri uku kewaye da birkin. A ƙananan birki sabuwar tazara takan kasance tsakanin milimita 0.2 da 0.5, amma adadin da za ka bi da iyakar da ba a wucewa suna cikin takardar birkin. Daidaita ta ta zama ɗaya a duk wuraren ukun. In faifan ya sirance ya kai iyakarsa, canza shi. In ka ga mai a jikin lainin, sil ɗin giyabos, wato robar da ke tare mai, ne ke yoyo. Gyara sil, ka sa sabon faifai, domin lainin da ya sha mai ba ya wankuwa. Kusa da teku kuma tsatsa takan manne faifai idan ƙofa ta daɗe ba a buɗe ta ba, don haka bayan dogon hutu kamar na Sallah, a gwada ta kafin motoci su yi layi.

Daga nan sai gwajin alli. Ƙofa tana saukowa, ka danna tsayawa daidai wani layi da ka ja a hanyar gefe, ka ja wani layin inda ta tsaya. Rubuta tazarar a cikin murfin akwatin wuta tare da kwanan wata. Zuwa na gaba ka sake. Idan tazarar tana ƙaruwa, birki yana gaya maka ya kusa. Bar ta a tsakiya na ɗan lokaci da wuta a kashe, ka ga ko ta motsa daga layin.

Duba sarƙa: kada ta yi tauri kamar sanda, kada kuma ta yi lilo, sufuroket biyun su kalli juna a layi ɗaya. Mai kaɗan ya isa, giris mai yawa a wurin yashi yana zama abin da ke cin ƙarfe. Duba kii, boris, da notocin da ke riƙe da injin a bango. Igiyar ƙarfe da ta fara fitar da gashi a canza ta, duka biyun tare. Birkin hana faɗuwa da ya taɓa kamawa, kada a sake shi kawai a ci gaba da aiki: a nemo abin da ya sa ya kama, a duba shi yadda kamfaninsa ya ce, in na canzawa ne a canza. A ganina ƙofar da ke aiki kullum a ƙurar Jidda tana bukatar wannan dubawa duk wata uku, wadda ba a cika buɗewa ba kuma duk wata shida.

Kafin ka karɓi kuɗinka, kira mai gadi da direban motar ɗaga kaya, ka nuna musu maɓallin gaggawa da yadda ake amfani da sarƙar hannu. Gaya musu da harshen da suke ji cewa hannun sakin birki ba nasu ba ne, kuma ranar da ƙofa ta fara zamewa ko ta canza ƙara, su sauke ta ƙasa, su kashe wutarta, su kira ka.